Fayil ɗin da ke wuri ɗaya bai ajiyu ba: yadda ake tsare hotuna da takardun kwamfuta a gida

Idan kwamfuta ko waya ta fara ƙorafin wuri ya cika, tambayar da aka fi yi wa mai shago ita ce: tera nawa zan saya? Sai a miƙo wa mutum faifan ajiya na waje mai tera ɗaya ko biyu (tera ɗaya giga dubu ne, giga ɗaya kuma mega dubu), ya koma gida ya kwashe hotunan shekara goma da bidiyon biki da takardun aiki ya zuba a ciki, sannan ya goge na kan kwamfutar don ta samu sarari. Daga nan hankalinsa ya kwanta, a ganinsa ya yi ajiya. Alhali ƙaura kawai ya yi wa kayan. Jiya suna wuri ɗaya, yau ma suna wuri ɗaya, kuma sabon wurin ya fi tsohon haɗari, domin shi ne ake jefawa cikin jaka, shi ake ba aboki aro, shi yaro ke jan igiyarsa ya faɗo daga kan tebur.

Matsaloli biyu ne ake cakuɗawa a nan. Ɗaya ƙarancin wuri, wadda kuɗi kaɗai ke maganinta. Ɗayar kuma ita ce tsira daga asara, wadda girman faifai ba ya yi mata komai. Abin da ke maganin ta biyun shi ne kwafin ko-ta-kwana: abu guda ya kasance a wurare daban-daban a lokaci guda, ta yadda musiba ɗaya ba za ta iya cinye su gaba ɗaya ba. Saboda haka tambayar da ta kamata a fara da ita ba ta tera ba ce. Mene ne a cikin kayan nan wanda in ya tafi ba zan sake samunsa ba, kuma musiba nawa ce za ta faru kafin in rasa shi?

Manomi ba ya ajiye iri yadda yake ajiye hatsin ci. Hatsin ci in ya ƙare ana sayowa a kasuwa, amma irin da ya gada, wanda ya san gonarsa, ɗan kaɗan ne kuma shi ake keɓewa a kula da shi. Kayan kwamfuta ma haka suke. Finafinai, waƙoƙi, karatun malamai da ke cike a intanet, manhajoji, littattafan da aka sauko da su, duk ana iya sake samo su, kuma su ne ke cinye mafi yawan wuri. Abin da ba shi da madadi kuwa yawanci ba shi da nauyi: hoton mahaifiya da ta rasu, saƙon muryar mahaifi, hoton takardar fili da ta gida, takardun makaranta, kundin binciken kammala digiri, lissafin shago da sunayen waɗanda ake bi bashi, rubutun littafin da marubuciya ta shekara uku tana yi. Kundin bincike mai shafi ɗari, in ba a cika shi da hotuna ba, da wuya ya wuce mega biyar. Hoton waya guda yakan kai mega biyu zuwa biyar, wato hotuna 20,000 ba za su wuce giga 100 ba. Bidiyo ne kaɗai mai haɗama, minti ɗaya na ɗaukar waya yana cin daga mega 60 zuwa sama da 300 gwargwadon ingancin da aka saita.

Duk wanda ya zauna ya yi wannan tacewa zai ga cewa abin da gidansa ba zai jure rasawa ba bai kai yadda yake tsammani ba. Takardu zalla ba sa cika giga biyar a yawancin gidaje. Da hotuna da bidiyon iyali, a ce giga ɗari zuwa ɗari uku. Masu sana'ar ɗaukar biki da masu haɗa fim nasu lissafin daban ne, su kam tera suke ci duk wata. Ga sauran jama'a, faifai biyu masu tera ɗaya-ɗaya sun fi faifai ɗaya mai tera huɗu amfani nesa ba kusa ba. Ma'aunin da nake bi shi ne faifan ko-ta-kwana ya ninka abin da za a zuba masa sau biyu, don ya samu wurin riƙe tsofaffin kwafi. Kada kuma a yi rigima da mai shago in an jona faifan tera ɗaya Windows ta nuna giga 931. Kamfanoni da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024, babu abin da aka rage.

Dalilin da ya sa kwafi ɗaya ba ya isa shi ne babu ma'adanar da ba ta mutuwa, sai dai kowace da irin ajalinta.

Faifai mai juyawa, wanda ake kira HDD, inji ne na gaske. A cikinsa akwai faranti masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da rubutu da ke shawagi a samansu ba tare da ya taɓa su ba. Tazarar da ke tsakani ta fi silin gashi siranta sau dubbai. In faifan ya faɗi yana cikin aiki, ko aka buge teburin da ƙarfi, hannun yakan karci farantin, kuma inda ya karta ya tafi ke nan. Ko ba a yi masa komai ba tsufa na kama shi. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke aiki da dubban ɗaruruwan irin waɗannan faifai, yana wallafa alƙaluman mutuwarsu tun 2013, kuma a 'yan shekarun nan abin yana kaiwa ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a kowace shekara. Wannan fa a ɗakuna masu sanyi ne, da wutar da ba ta ƙiftawa. A gidan da ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareto sau uku a yini, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ba za a sa ran abin ya fi haka sauƙi ba.

SSD, wato faifan zamani da ba ya juyawa, da filash da katin memori dangi ɗaya ne. Babu abin da ke motsi a cikinsu, shi ya sa suka fi sauri kuma suka fi jure faɗuwa. Suna riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna biliyoyi, kuma wannan caji yana tsiyayewa a hankali in an daɗe ba a jona su da wuta ba. Zafi yana hanzarta tsiyayar. Ƙa'idar da ƙungiyar JEDEC ta shimfiɗa wa masana'antu ta ce SSD na amfanin gida, wanda ya cinye adadin rubutun da aka yi masa alkawari, dole ya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yana wuce haka sosai, amma a lura da lambar nan ta 30. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu yana haura 40 a inuwa, balle cikin aljihun mota da aka ajiye a rana. Don haka SSD ya dace da aikin yau da kullum, amma wanda zai kulle shi a akwati ya ce sai bayan shekara biyar, ya zaɓi abin da bai dace da aikin ba. Wani abin kuma, faifai mai juyawa sau da yawa yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya fara nauyi ko ƙara. SSD kuwa yakan kwana lafiya ya tashi kwamfuta ba ta ganinsa kwata-kwata.

Filash da memori su ne mafi rauni a dangin, domin da mafi arhar kayan ake yin su, kuma su ne jabu ya fi yawa a cikinsu. Yadda jabun ke aiki ya cancanci a fahimce shi, don yana cutar da mutane ba su sani ba. Ana ɗaukar memori mai giga takwas, a sauya ɗan bayanin da yake ba kwamfuta game da kansa, sai ya riƙa cewa shi mai giga 128 ne. Kana zuba kaya yana karɓa, sunayen fayiloli duk suna bayyana, ba wata alamar matsala. Amma da ya cika takwas ɗinsa na gaskiya, sai ya koma yana rubuta sabo a kan tsoho, ko ya riƙa zubarwa. Sai ranar da aka zo buɗe hotunan suna a tarar da sunaye babu komai a ciki. Akwai manhajoji na kyauta da ke tona wannan asiri, H2testw a Windows da F3 a Linux da Mac: suna cika na'urar da bayanai har bakinta sannan su karanta su gani ko sun dawo daidai. Duk sabon filash ko memori a gwada shi haka kafin a ba shi amanar komai. In farashin ya yi arhar da ta wuce hankali, an riga an san amsar.

Ga kuma ɗalibai da filash ɗinsu ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani. Akwai tsohon bairos da ke yawo a irin waɗannan kwamfutoci, wanda ke sa foldoji su ɓace a ga wasu 'yan alamu a madadinsu. Yawanci ɓoye fayilolin yake yi, ba gogewa ba, kuma ana iya fito da su. Asarar takan faru ne lokacin da wani ya ce a yi fomatin kawai a huta.

Tun da kowace ma'adana tana da ajali, dabarar ita ce a raba ƙafa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa tsarin da ake kira 3-2-1 tun wajen 2005: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban da gidan. Lambobin ba tsafi ba ne. Kowace tana toshe wata ƙofa ce. Kwafi na biyu yana maganin mutuwar faifai. Iri biyu yana maganin cutar da ke kama dangi ɗaya a lokaci ɗaya, kamar faifai biyu da aka saya rana ɗaya daga kwali ɗaya, ko wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙone duk abin da ke jone. Kwafin da ke nesa kuwa shi ne maganin ɓarawo da gobara da ruwa, kuma shi ne mutane suka fi yin sakaci da shi. Ɓarawon da ya ɗauki jakar kwamfuta ya ɗauke har da faifan da ke aljihun jakar. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, duk abin da ke cikin ɗaki ɗaya makomarsa ɗaya ce, ko kwafi nawa ne.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan darasi. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Abokan cinikin da suka fi shiga uku su ne waɗanda kwafinsu na ko-ta-kwana yake a harabar guda da na asali. A 1998 kuma, a kamfanin Pixar, wani umarni da aka buga bisa kuskure ya goge kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin zane da suke kan haɗawa. Da aka koma kan kaset-kaset ɗin ajiya sai aka tarar sun daɗe ba sa kwafa daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata shugabar sashen fasaha, Galyn Susman, da ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafin aikin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka kawo ta ofis a mota.

To ai ga ajiyar intanet, in ji wani, Google Drive da iCloud da OneDrive, ba shi ke nan ba? Tana da amfani ƙwarai, kuma ga takardu ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kwafi a nesa. Amma akwai abin da ya kamata a gane game da yadda take aiki. Yawancin waɗannan manhajoji aikinsu daidaitawa ne: abin da ke wayarka ko kwamfutarka shi suke mayarwa can, abin da ke can shi suke mayarwa nan. In ka goge hoto a nan, ya gogu a can. In fayil ya lalace a nan, lalataccen ne zai hau ya danne mai kyau. Mutane da yawa sun goge hotuna a waya don samun wuri, da tunanin ai suna intanet, suka wayi gari babu ko'ina. Abin da ke ceton mutum shi ne kwandon shara, kuma yana da wa'adi. A Google Drive kwana 30 ne, haka ma hotunan iCloud. Wanda bai farga ba sai bayan wata biyu, ya makara.

Sai batun girma da kuɗi. Google na ba da giga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke ci. Tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka a Google Photos, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin wannan lissafi. Apple da Microsoft giga biyar-biyar suke bayarwa. In wurin ya cika, kwafin yakan tsaya shiru, mutum na ganin komai na hawa alhali an yi watanni ba abin da ya hau. Ƙarin wuri kuma haya ce ta wata-wata. Ga wahalar ɗorawa: giga 200 a layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa 45 ba tsayawa, ban da kuɗin datar giga 200 ɗin. Shi ya sa a wurinmu raba aikin ya fi dacewa da aljihu. Takardu da zaɓaɓɓun hotuna su hau intanet, bidiyo masu nauyi su zauna a faifai na biyu da aka kai gidan ɗan'uwa ko ofis.

WhatsApp dai ba ma'adana ba ce, ko da yake ita ce ma'adanar mutane da yawa. Tana matse hoto ta rage masa inganci sai in an tura shi a matsayin takarda, kuma duk abin da ke cikinta yana rataye da lambar waya guda.

Wannan rataya da lamba ita ce babbar barakar ajiyar intanet a ƙasashenmu, kuma ba a cika maganarta ba. Mutum nawa ne mai shagon waya ya buɗe wa Gmail ranar da suka sayi waya, ba su san kalmar sirrin ba har yau? Wayar na ɓata, asusun ya tafi da duk hotunan da ke ciki, duk da cewa suna nan lafiya a kwamfutocin Google. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yakan sake sayar da shi ga wani, kuma saƙon tabbatarwa can zai riƙa zuwa. Google ma tun Disambar 2023 ta fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Kamfani kansa yana iya yin ɓarna: a 2019 Myspace ta amsa cewa ta rasa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 wajen sauya kwamfutocinta. Maganin nan ba shi da tsada. A san kalmar sirri, a sa lamba ta biyu da imel na biyu na farfaɗo da asusu, a fitar da lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa a rubuta su a takarda. Sau ɗaya a shekara kuma a sauko da kwafin komai ta Google Takeout a zuba a faifai.

Akwai musiba guda da ke bin igiya ta cinye har kwafin ko-ta-kwana, ita ce manhajar garkuwa da bayanai. Tana shiga kwamfuta ta kulle kowane fayil da makullin da babu mai shi sai masu ita, sannan ta bar takardar neman kuɗin fansa. Duniya ta san WannaCry da ta ratsa ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017 har ta tsayar da asibitoci a Birtaniya. Amma wadda ta fi addabar masu kwamfutar gida ita ce dangin STOP/Djvu, wadda ke zuwa a ɓoye cikin manhajojin sata da ake saukowa don gudun biyan kuɗi, ta yi shekaru tana neman dala 980, ko rabin haka in an tuntuɓi masu ita cikin awa 72. Duk inda al'adar sa manhajar da aka fasa ta yi ƙarfi, ƙofar a buɗe take. Irin wannan manhaja ba ta tsayawa a cikin kwamfuta, duk faifan da ta tarar a jone sai ta kulle shi, foldar da ke daidaitawa da intanet ma kullallun fayiloli za ta tura sama. Faifan da ya tsira shi ne wanda ke cikin durowa ba a jone ba. Don haka faifan ko-ta-kwana a jona shi lokacin kwafi, in an gama a cire shi ta hanyar da kwamfuta ta tanada, ba fizgewa ba, a mayar da shi ma'ajiyarsa.

Masu hali sukan sayi akwatin ajiya na gida da ake kira NAS, irin na Synology ko QNAP, mai ɗaukar faifai biyu ko huɗu, kowa a gidan yana zuba kaya ta wayfai. Yana da daɗin aiki, sai dai yana son wuta dare da rana, wato sai da inbata ko UPS. Tsarin RAID da ke cikinsa, mai rubuta abu ɗaya a faifai biyu, mutuwar faifai kaɗai yake karewa. Abin da aka goge ya gogu a duka biyun nan take. In kuma an buɗe shi ga intanet, ya zama abin hari. A Yunin 2021 masu akwatin My Book Live na Western Digital, wanda rabonsa da sabuntawa tun 2015, sun wayi gari an share musu komai daga nesa, a Janairun 2022 kuma manhajar DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP. A ganina gidan da kayansa ba su kai tera biyu ba bai da buƙatar wannan ɗawainiya.

Abin da zan ba gida na talaka ko matsakaici shawara a kai bai wuce wannan ba. Kayan asali su zauna a kwamfuta, a tattare a folda guda mai tsari, har da hotunan da ake saukewa daga wayoyin gidan duk wata. A samu faifai masu juyawa guda biyu na waje, ƙanana masu cin wuta daga kwamfuta, don su ba ruwansu da soket. Ɗaya a gida, ana jona shi duk mako. Ɗaya a wani gida, ana musanya su duk wata ko duk lokacin da aka je gaisuwa. Takardu kuma da hotunan da suka fi daraja su hau intanet. Kada a dogara da kwafi da hannu, domin hannu yana mantuwa kuma yana danne sabo da tsoho. Windows na da File History, Mac na da Time Machine tun 2007, kuma dukansu suna riƙe tsofaffin kwafi, ta yadda in ka ɓata babi na uku ranar Talata za ka iya komawa yadda yake ranar Lahadi. Wanda zai yi amfani da faifai ɗaya tsakanin Windows da Mac ya tsara shi da exFAT, don tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga huɗu. Faifan da ya shekara biyar yana aiki kuma a fara neman magajinsa tun yana da rai.

Sannan a riƙa gwadawa. Wannan shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, har ƙwararru. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan giga 300 na bayanai bisa kuskure, aka duba hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ke da su aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya rage musu asara. Gwajin gida ba ya cin minti goma: duk bayan wata biyu ko uku a jona faifan, a zaɓi tsohon hoto da bidiyo da takarda, a buɗe su a gani da ido, in da hali a wata kwamfutar daban.

Kai faifai gidan wani yana tayar da maganar sirri, kuma magana ce mai nauyi. A cikin faifan nan akwai hotunan iyali na cikin gida, da takardun banki, da abubuwan da ba a so idon baƙo ya gani. An sha ganin yadda hotunan mata ke fita daga na'urar da aka kai gyara ko aka sayar ba a share ta da kyau ba, abin ya zama tozarci ga gida guda. Don haka faifan da zai fita daga gida a kulle shi, da BitLocker a Windows ɗin da ke da shi, ko VeraCrypt wadda kyauta ce, ko zaɓin kullewa na Time Machine. Sai dai kulle yana da nasa haɗarin, domin in makullin ya ɓata babu mai gyaran da zai iya buɗewa, ko kamfanin da ya ƙera. Sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa ma a kulle suke zuwa mai su bai sani ba, sai ranar da aka sauya wani abu a cikin injin ta nemi lamba mai alƙaluma 48, wadda ke ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka buɗe ta da shi. A nemo wannan lamba tun yau a rubuta.

Takardar da aka rubuta makullan nan a kai ita ma amana ce da ya kamata wani amintacce ya san inda take. Mutum yakan rasu ya bar lissafin bashin da ake binsa da wanda yake bi, da takardun filaye, a cikin na'urar da ba mai iya buɗewa, magada su rasa yadda za su yi wajen rabon gado. Google na da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a ba bayanansa in asusun ya yi watanni ba motsi, Apple ma ta kawo irinsa a ƙarshen 2021. Amma ambulan da aka liƙe aka ajiye tare da takardun gida ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar data.

In kuwa abin ya riga ya faru babu kwafi, sa'o'in farko su ne masu muhimmanci, kuma yawancin ɓarnar gaggawa ce ke yin ta. Faifan da ya fara ƙara ƙas-ƙas a kashe shi nan take, domin kowane kunnawa ƙarin karta ne a kan farantin. Kada a buɗe murfinsa a shago, ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi. In gogewa aka yi bisa kuskure a faifai mai juyawa ko katin memori, bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, don haka a daina amfani da na'urar, a nemo su da manhaja irin PhotoRec ko Recuva, a kuma sauke abin da aka samo a wani faifan daban. A SSD damar ba ta da yawa, saboda yana share gurbin abin da aka goge da kansa cikin ɗan lokaci. Wayoyin zamani kuwa a kulle bayanansu suke, kuma mayar da waya yadda ta fito daga kamfani yana hallaka makullin ne gaba ɗaya, babu manhajar da za ta dawo da komai bayan nan. Mai gyara aikinsa waya ta tashi, kuma filashin, wato sake ɗora wa wayar manhajarta daga farko, ita ce hanyarsa mafi sauri. Kafin ka miƙa masa, ka cire memori da layi, ka kuma faɗa masa da baki cewa akwai kaya a ciki, kada a yi mata filashin sai an kira ka.